Sabulun Baba da Motar Injiniya

Tun ranar Asabar ɗin da Injiniya ya zura hannu cikin leda ya shafa motarsa, gidan bai sake komawa daidai ba.

Auta tana ƙarƙashin rumfa tana gyara wa Baba matashi a kekensa na marasa lafiya, sai ta hangi yayanta ya rufe ido, hannu cikin farar leda, yana bin murfin inji da shafa a hankali. Injiniya dai suna ne kawai. Aikinsa buga hatimi a takardun ofis, kuma ko ƙwan fitila ya mutu a gidan sai an kira mai gyara. Abokai ne suka laƙaba masa sunan bayan ya sayi baƙar motar nan, shi kuma ya karɓa hannu bibbiyu.

"Auta, zo ki ji abin da na ji," ya ce.

Ta zo, ya sa mata ledar a hannu, ta shafa. Motar da aka wanke yanzu-yanzu, tana sheƙi, amma a ƙarƙashin leda sai ta ji tsakuwa-tsakuwa kamar an barbaɗa yashi.

"Kin ji ko? Ido ba ya gani, leda ce ke tona asiri. Wata shida ina yawo da wannan a gari, mutane suna gaishe ni."

Baba ya yi dariya da rabin bakin da ya rage masa. Shekara arba'in ya yi yana fesa wa motoci fenti kafin ɓarin jikinsa na hagu ya shanye, shekara biyu ke nan yana gidan ɗansa, Auta tana jinyarsa. Harshensa ya yi nauyi, amma kansa garau yake.

"Ƙurar birki ce da ɗigon kwalta," ya ce. "Wanki ba ya fitar da su. Yumɓu za ka nema, na kanti, mai kama da cingam. Shi ke tsince su ɗaya bayan ɗaya."

Injiniya ya juyo da sauri. Ya jawo kujera ya zauna gaban mahaifinsa, abin da Auta ta daɗe ba ta gani ba.

"Yaya ake yi, Baba?"

"A inuwa ake yi, ba a rana ba. Taƙi ɗaya, taƙi ɗaya. In ya faɗi ƙasa ka yar da shi. Babban abu kuma, kada ka kuskura ka goga a bushe. Sai ka fesa abu mai santsi tukuna, yumɓun ya riƙa sulɓewa da kansa. Fenti ma fata ce, in ka dirje ta sai ta yi tabo."

Ran nan Baba ya cinye abincinsa tas, har ya nemi ƙari. Auta ta ji daɗi ƙwarai, don ba ta san abin da ke tafe ba.

Inuwa ɗaya ce a gidan, wato rumfar da Baba ke shan iska. Asabar ta gaba Injiniya ya ce a shigar da Baba ɗaki na yau kawai, a sa mota a rumfa. Aka shigar da shi. Da yamma Auta ta ce a fitar da motar, ya ce aiki bai ƙare ba. Washegari ya ce ai tsuntsaye sun san wurin da take kwana a da. Daga nan ba a sake tayar da maganar ba. Motar ta gaje rumfa, Baba ya gaje gado, yana kallon silin daga safe har yamma.

Yumɓu ya samu, shuɗi, cikin ɗan akwati. Abin santsin ne ya zama aiki. Da farko Injiniya ya gwada ruwa zalla, yumɓun ya kama fenti ya bar zane-zane a ƙofar baya, ranar ko abinci bai ci ba. Ya sayo ruwan feshi na kanti, ya ce yana saurin bushewa, kuma daga jin ƙamshinsa jabu ne. Ya gwada sabulun wanke-wanke na ruwa, mai ƙamshin lemo, yumɓun ya narke masa a hannu, kakin da ke kare fentin ya wanke tas, wurin ya dushe. Ya tsaya a kansa hannu a ƙugu kamar mai karɓar gaisuwar rasuwa.

Sai ya ɗauko sabulun wanke gashi na matarsa, wadda Auta ke kira Anti. Wannan ya ɗan yi santsi, amma Anti da ta ga kwalbarta a bakin taya ta buɗe murya har maƙwabta suka leƙo ta katanga. Injiniya ya mayar da kwalba da hannunsa, ya ba da haƙuri, bai ƙara kallon inda take ba. A gidan nan kayan mai baki ba ya ɓata.

Ana cikin haka Nas ta zo duba Baba, kamar yadda take zuwa sau ɗaya a wata. Mace ce gajera, ba ta da yawan magana. Ta juya Baba ta ɗaga rigarsa, ta kira Auta ta nuna mata wani jan wuri a ƙasan bayansa, faɗin tafin hannun jariri, da wani a dunduniya.

"Me ya sa ya daina fita?"

"Rumfar ce aka sa mota."

Nas ta dube ta. Ta ciro wata farar kwalbar sabulun ruwa daga jaka.

"Fatar tsoho ba ta ɗaukar wasa. Da wannan kaɗai za ki riƙa wanke masa wurin, safe da yamma, ba dirza. Ba shi da turare, ba shi da kaifi. Asibiti ke bayarwa, kwalba ɗaya a wata, ba a samunsa a kanti. Ki riƙa juya shi. In wurin nan ya fashe, gyambon kwanciya ba ya tsayawa sai ya kai ƙashi. Kin gane?"

"Na gane."

Auta ta riƙe maganar da gaske. Tana juya Baba kafin ta tafi shagon ɗinkin da take aiki, ta dawo da rana ta juya shi, ta sake komawa. Cikin kwana goma jan wurin ya fara komawa launin fata. Har ta fara samun barci.

Injiniya ba ɗan da za a ce ba ya gaida uba ba ne. Kullum da safe yana tsayawa bakin ƙofa, makulli a hannu, ya ce, "Baba, an tashi lafiya? Ya jiki? Allah ya ƙara sauƙi," duka a numfashi ɗaya, ya wuce. Wata safiya rabo ya sa ya shigo ciki neman cajar waya, ya dafa tebur, hannunsa ya sauka kan ɗigon sabulun da ya zuba. Auta tana kallo ya murza babban yatsa da manuni. Ya sake murzawa. Ya ɗauki kwalbar ya karanta bayanta, leɓensa na motsi.

"Ba turare. Ba ya cin fata. Ba ya barin komai bayan an ɗauraye." Ya ɗago, ido na ƙyalli. "Auta, murfi ɗaya kawai."

"Yaya, maganin Baba ne."

"Wa ya ce ba nasa ba ne? Murfi ɗaya na ce, gwaji zan yi."

"Nas ta ce kwalba ɗaya ce a wata."

"Ba shi," Baba ya ce daga gado. "Murfi ɗaya cikin ruwa gora guda. Kada ka wuce haka, zai yi kumfa."

Ranar Asabar Auta ta dawo daga shago ta tarar da yayanta yana zagaya mota yana dariya shi kaɗai. Yumɓu ya sulɓe yadda Baba ya faɗa, ba kamawa, ba narkewa, ba zane. Ya kama hannunta ya zura a leda ya ɗora a kan murfin inji. Gaskiya ya yi santsi, ko madubi albarka. Ya ɗauki hoto ya tura zauren masu motoci da ke wayarsa, inda magidanta masu furfura ke kwana suna musu kan tawul. Suka yi ta tambayarsa sirrin, ya ce haɗi ne na gado.

Mota kuwa ba murfin inji kaɗai ba ce. Akwai ƙofa huɗu, akwai rufi, akwai but, ga shi taƙi ɗaya-ɗaya ake bi. Da ya dawo neman murfi na biyu Auta ta ce a'a, ta kafe. Ta ɓoye kwalbar a bayan akwatin kayan Baba. Bai yi musu ba, ya ce ai ita ce likitan gidan, ya fita yana murmushi. Ta yi mamakin sauƙin da abin ya zo da shi.

Asabar ita ce ranar da shagon ɗinki ya fi cika, Auta ba ta samun dawowa sai la'asar. Duk ranar da ta dawo takan duba kwalbar, ta gan ta inda ta bar ta, cike yadda ta bar ta. Har wani lokaci sai ta ga kamar ma ta ƙaru. Ta ce a ranta albarka ce Allah ya sa, tunda abin na jinyar mahaifi ne.

Sai dai sabulun ya fara kumfa fiye da da. Kuma in ta ɗora tsumma a bayan Baba, sai ta ji jikinsa ya ƙame, hannunsa mai lafiya ya damƙe zanen gado.

"Baba, da zafi ne?"

"Ruwan ne da sanyi."

Ta ƙara ruwan zafi. Washegari ya ce ruwan ne da zafi. Jan wurin da ya fara bajewa ya dawo, ya faɗaɗa, fatar gefensa ta bushe ta tsattsage. Ganin haka Auta ta ƙara yawan wankin, daga sau biyu zuwa sau uku, tana cika tsumman da sabulu don ya yi saurin aiki. Ranar Laraba wurin ya fashe. Ranar Juma'a ya fara ruwa, ɗakin ya ɗauki wani wari da turaren wuta bai iya rufewa ba. Baba ya rage cin abinci, ya rage magana, in an juya shi sai ya cije leɓe hawaye na bin gefen idonsa na dama.

Anti ta leƙo daga bakin ƙofa, gyale a hanci.

"Ni dai na faɗa, hannunki da nauyi, Auta. Mai taka keken ɗinki ina ta san lallaɓa jiki? Ba laifinki ba ne, haka Allah ya yi ki."

Injiniya ma ya ba da tasa gudummawar, daga bakin ƙofa shi ma.

"Matsalarku ba ku jin bayani. Ba a dannawa. A hankali ake bi, a bar abin ya sulɓe da kansa. Ni da nake yi wa ƙarfe ma ban danna ba, balle mutum."

Auta ta shiga banɗaki ta yi kuka mai isarta. Ta yarda laifinta ne. Ta riƙa duba tafin hannunta tana jin haushinsa, ta yanke farce har ya yi jini, ta daina shafa mai don kada ya taɓa ciwon.

Da Nas ta zo ta ɗaga rigar Baba, ta daɗe tana duba ciwon. Ta tambayi sau nawa ake juya shi, Auta ta faɗa. Ta tambayi da me ake wankewa, Auta ta miƙo farar kwalba. Nas ta girgiza ta, ta ga kumfa ya cika ta har wuya. Ta buɗe ta kai hanci. Ta ɗiga a yatsa ta murza.

"Wannan na wanke tukunya ne."

"A'a, wanda kika ba ni ne."

"Kwalbar ce tawa. Shinshina."

Auta ta shinshina. Lemo. Ƙamshin da take ji kullum a wurin wanke-wanke, shi ya sa hancinta ya saba har bai faɗa mata komai ba. Mako uku ke nan tana wanke gyambon mahaifinta da abin da ake cire maiƙon tukunya, sau uku a rana, da bisimilla. Ta zauna a bakin gado.

"Ki nemo na gaskiyar duk inda yake," Nas ta ce tana naɗe ciwon. "Na asibiti ya ƙare, sai wata mai zuwa. Ko cokali biyu ne a samo. In kuma zazzaɓi ya zo, kada ku jira ni, ku kai shi a ranar."

Auta ta samu yayanta a rumfa, a durƙushe gaban ƙofar baya, gorar feshi a hannun hagu, yumɓu a dama. Ta ajiye farar kwalbar a kan but.

"Sauke min wannan daga kan fenti," ya ce.

"Yaya, me ka zuba a ciki?"

Ya dubi kwalbar, ya dubi ƙanwarsa, ya ci gaba da fesawa.

"Aro na yi. Na ce in na samu irinsa zan mayar. Ban so ki buɗe ki ga ya ragu hankalinki ya tashi, shi ya sa na cika miki. Don ke na yi."

"Bayan Baba ya fashe."

"Ciwon kwanciya ai kowane tsoho yana yi. Tambayi kowa. Kuma sabulu sabulu ne, Auta, duk kumfa ne. 'Yan asibiti ne kawai ke son ɗaure wa mutane kai."

"In duk ɗaya ne, me ya hana ka sa na wanke-wanken a motar?"

Nan ya ajiye gora ya miƙe, ransa a ɓace da gaske.

"Kin san abin da ya yi wa fentin nan kuwa? Kin ga yadda ya cinye kakin ƙofar can? Abu mai kaifi irin wannan ki ce in sa a mota?"

Shi ma ya ji abin da ya faɗa. Amma Injiniya ba mutumin da shiru ke daɗewa a bakinsa ba ne.

"Kuma motar nan don wa na saye ta? Don Baba. Don ranar da za a ce a kai shi asibiti, kada a tsaya neman ta haya a titi kamar marasa gata. In na kula da ita, shi na kula wa."

Anti ta fito da kwano a hannu. Auta ta juya gare ta.

"Anti, kina gida duk Asabar. Kin gani?"

"Ni kada ki sa ni a tsakaninku. Na ga yana ɗiban na wanke-wanke, na ɗauka hannu zai wanke. Kuma mutumin da ya ajiye uba a gidansa shekara biyu, ci da sha, ai ba a ce masa mugu ba. Wasu da tuni sun kai shi wani wuri."

"Sauran na gaskiyar fa?" Auta ta tambayi yayanta.

"Ɗan kaɗan ne ya rage, a gorar nan. Daga ƙofar nan, rufin mota kawai ya saura. Bari in gama, abin da ya ragu naki ne."

Ta kai hannu, ya ɗaga gorar sama yadda yake mata da alewa suna yara. Ba ta da tsawon da za ta kai, kuma ba ta taɓa kokawa da yayanta ba. Ta koma ɗaki a fusace.

Baba yana kwance ta gefen da Nas ta bar shi, fuska ga bango.

"Kin yi faɗa da yayanki," ya ce.

"Baba, a gabanka ya ɗauka?"

"A gabana."

"Ka san abin da ya zuba?"

"Shekara arba'in da hanci nake bambance fetur da tina mai tsinka fenti. Jikina ne ya shanye, hancina yana nan."

"To me ya sa ka yi shiru? Ina tambayarka da zafi, kana ce min ruwa ne."

Ya amsa bai juyo ba.

"Duk Asabar in ya zo ɗauka, yakan zauna nan inda kike. Ya tambaye ni, Baba, gefen madubi yaya ake bi? Baba, in yumɓu ya yi baƙi ninkewa ake yi ko yarwa? Sai in faɗa masa. Shekara biyu, Auta, ba wanda ya tambaye ni yadda ake yin komai. Sai dai ya jiki, ya jiki." Ya ja numfashi. "Na ce zafin kwana kaɗan ne, mota za ta ƙare."

Auta ta rasa wanda za ta ji haushi. Ta kifa kai a gefen katifa, tausayinsa ya cika ta. Ya ɗora hannunsa mai lafiya a kanta.

"Kada ki faɗa wa dangi. Ɗana ne."

Zazzaɓin ya zo ranar Asabar da hantsi. Auta ba ta je shago ba. Ta taɓa goshin Baba ta ji kamar murfin tukunya, yana rawar sanyi, yana kiran sunayen yaran garejinsa na da. Ta shafa masa wani mai da Nas ta bari a hannu da ƙafa, ta sa masa riga mai tsabta, ta fita rumfa da gudu.

"Yaya, tayar da mota. Asibiti."

Injiniya yana kan ɗan tsani, ya gama rufin ke nan. Ya sauko da sauri, fuskarsa ta nuna tsoro na gaske, ya shiga ya duba Baba ya fito. Ya laluba aljihu ya ciro makulli. Sai ya tsaya yana kallon motar.

"Auta, akwai matsala."

"Ba mai?"

"Akwai mai. Yanzu na gama yumɓu, ban sa kaki ba. Fentin tsirara yake. In ta fita a haka, rana da ƙurar titi, duk aikin wata biyu ya tashi a banza. Baba da kansa zai faɗa miki." Ya riga ya ciro waya. "Tasi ta fi sauri ma. Sun san hanya."

Ta juya ta koma wurin Baba. Mai tasi ya zo, wani dattijo mai tsohuwar mota da fentinta ya ƙone ya yi dabbare-dabbare. Bai tambayi komai ba ya shimfiɗa bargonsa a kujerar baya. Shi da Injiniya suka ɗora Baba a keke, Auta ta turo shi.

Hanyar ƙofar gida ta rumfa take bi. Wata biyu rabon Baba da wurin. Da suka zo daidai motar ya buɗe ido, ya ce a tsaya. Ya miƙa hannunsa na dama, ya ɗora tafin a kan ƙofar gaba, ya ja shi kaɗan yadda masu sana'ar ke yi.

"Ya yi," ya ce. "Ka iya."

Injiniya ya sunkuyar da kai. Da aka ɗauke hannun, sai ga shatinsa a baƙin fenti, yatsu biyar da tafi, na man da Auta ta shafa masa.

Suka kwantar da Baba a tasi ta gefen da ba ciwo. Injiniya ya ce su yi gaba, zai kulle gida ya biyo su. Har mai tasi ya tayar, Auta ta tuna maganar Nas, ko cokali biyu ne a samo. Rufi ya ƙare, abin da ya ragu nata ne, haka aka yi da ita. Ta ce wa dattijon ya ba ta minti ɗaya.

Ta tarar da yayanta a durƙushe gaban ƙofar motar, daidai shatin hannun, kafaɗunsa sun sauka. Daga baya sai ka ce mai kuka. Zuciyarta ta karye, ta rage sauri, har ta fara neman kalmar da za ta lallashe shi da ita.

Sai ta ji ƙarar feshi. Sau ɗaya, sau biyu, na ukun iska ce kawai ta fito.

"Yaya, gorar."

Ya miƙo mata ba tare da ya juyo ba. Ba nauyi a cikinta. Ta girgiza, ko ɗigo babu. Yatsu huɗu sun riga sun tafi, yana bin babban yatsan da yumɓu, a hankali, ba dannawa. Idonsa kuwa jawur, da hawaye a ciki.

"Man nan in ya bushe a kan fenti tsirara, shi ke nan, ya zauna," ya ce. "Ba yadda zan yi."

Ya goge wurin da tawul mai laushi. Auta ta ga fuskarta a ƙofar, da gora a hannu, tas kamar a madubi. A waje mai tasi ya danna ham.

Ta ajiye gorar a ƙasa ta juya. Ta kai bakin ƙofa ya kira ta.

"Auta. In ya farfaɗo ki faɗa masa na bi maganarsa. Ban goga a bushe ba."